Yadda Rariyar Liƙau Ta Zama Ƙuri'a, Daga Baya Ta Zama Haja

A ƙarshen shekarar 2010, lokacin da Amurkawa ke tururuwar sayayyar Kirsimeti, in ka shiga Google ka nemi rigunan mata, ko zanen gado, ko dardumar ɗaki, sunan kanti ɗaya ne zai fara fito maka: J.C. Penney. Abin har ya kai in ka nemi jakar tafiya ta kamfanin Samsonite, shafin Penney ne ke zuwa na ɗaya, shafin kamfanin da ya ƙera jakar yana biye da shi. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tono abin da ke ƙasa. Ashe an bi dubban shafukan intanet ne waɗanda ba su haɗa komai da tufafi ba, wasu na caca, wasu na injiniyanci, wasu ma kufai ne da babu mai leƙa su, aka dasa musu kalmomi irin su "baƙaƙen riguna", kowace kalma in ka latsa ta sai ta kai ka kantin Penney. Kamfanin ya ce bai san da aikin ba, ya kuma sallami kamfanin da ke kula masa da harkar. Google bai jira ba. Cikin 'yan sa'o'i, a neman jakar nan ta Samsonite, Penney ya sulmiyo daga na 1 zuwa na 71.

Mai karatu, tambayar da ta kamata ka yi ita ce: me ya sa wata kalma mai launin shuɗi, a shafin da babu mai karanta shi, za ta iya ɗaga kanti sama da abokan gogayyarsa? Wannan kalmar da ake latsawa ita ce wasu marubutanmu ke kira rariyar liƙau, wadda kowa ke ce wa "link" in ana hira. Don taƙaitawa zan riƙa ce mata liƙau. Tarihinta shi ne tarihin yadda masu shafuka suka yi shekara 30 suna neman abu biyu: wanda zai nuno su, da wanda zai dawo musu.

Mu koma farko. A shekarar 1989 Tim Berners-Lee, wani masanin kwamfuta ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba, ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo. Tunanin haɗa rubutu da rubutu ya girme shi. Tun shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna Ted Nelson yake ta fafutukar gina tsarinsa mai suna Xanadu, inda kowace liƙau ke da kai biyu, wato in na nuno shafinka, shafinka ma ya san na nuno shi. Berners-Lee ya zaɓi mai sauƙi. Liƙau ɗinsa hanya ce mai tafiya ɗaya. Ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka nuna shafinsa, shi kuma ba lallai ya taɓa sanin ka yi ba. Wannan sauƙin ne ya sa yanar ta bazu kamar wutar daji, musamman bayan CERN ta sallama fasahar kyauta ga kowa a watan Afrilun 1993. Amma ka riƙe wannan giɓin a ranka: babu shafin da ya san su wa ke nuno shi. Za mu dawo kansa.

Da shafuka suka yi yawa sai neman abu ya zama aiki. Maganin farko na hannu ne. A 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka fara tara adireshin shafukan da suka burge su suna jera su aji-aji, abin da ya zama Yahoo. A wancan zamanin, in kana son baƙi, sai ka roƙi ma'aikatan Yahoo su sa ka a jerinsu. Daga baya ma shafukan kasuwanci sai sun biya dala 299 kafin a duba buƙatarsu. Magani na biyu shi ne injinan bincike irin su AltaVista, wanda ya fito a Disambar 1995. Su waɗannan sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. In ka nemi "mota", shafin da ya yawaita ambaton mota shi ke da rinjaye. Ka ga kuwa an ba kura ajiyar nama. Masu shafuka suka shiga rubuta kalma ɗaya sau ɗaruruwa a ƙasan shafi, da farin rubutu a kan farin fili, idonka ba ya gani amma injin yana ƙirgawa.

Mafitar ta fito ne daga wani wuri da ba za ka zata ba, wato ɗakin karatu na malaman jami'a. A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya wallafa maƙala a mujallar Science yana cewa a riƙa bin diddigin wace takardar bincike ce ta ambaci wace. Hujjarsa ita ce in masana da yawa suna kafa hujja da aikinka, to akwai alamar aikin yana da nauyi. A 1964 ya fara fitar da kundin da ke wannan ƙidaya. Larry Page, wanda mahaifinsa farfesan kimiyyar kwamfuta ne, ya tashi ya san wannan al'ada. Da ya zo Stanford karatun digiri na uku sai ya lura cewa liƙau ma ai ambato ce. Matsalar ita ce giɓin nan da na ce ka riƙe. Tunda shafi bai san masu nuno shi ba, hanya ɗaya ce ta sani: ka kwaso yanar gaba ɗaya, ka bi kowace liƙau, ka juya lissafin baya. Abin da shi da abokinsa Sergey Brin suka fara yi ke nan a 1996, da wata manhaja da suka sa wa suna BackRub. Ba su kaɗai suka hango haka ba. A daidai wannan lokaci wani injiniya ɗan China, Robin Li, ya gina nasa tsarin mai auna shafi da liƙau, shi ne daga baya ya kafa Baidu.

To amma ƙirga liƙau kawai ai ba wayo ba ne, don kowa na iya buɗe shafi ɗari ya nuno kansa. A nan ne dabarar da suka kira PageRank ta shigo, kuma ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. Ka ɗauka wayarka ta lalace ka shiga kasuwa kana neman mai gyara na kirki. Mutum goma sun ce ka je wurin wane, mutum uku sun ce wurin wane. Ba za ka tsaya a kan yawan baki kawai ba. Za ka duba su waye suka yi shaidar. In cikin ukun nan akwai dattijon da duk kasuwa ke girmama maganarsa, shaidarsa na iya rinjayar ta goman. Sannan akwai mutumin da duk wanda ka tambaye shi a kansa sai ya ce ai mutumin kirki ne. Shi wannan shaidarsa ta tsinke, don ya rarraba ta ga kowa. Haka PageRank yake. Darajar shafi tana zuwa ne daga darajar masu nuno shi, kuma kowane shafi yana raba tasa darajar ne tsakanin duk waɗanda ya nuna. In ya nuna biyu, kowa ya sami rabi. In ya nuna dubu, kowa ya sami ɗan ɓurɓushi.

Za ka ce ai wannan zagaye ne, darajata daga taka, taka daga ta wani, ina za a fara? Amsar da suka bayar tana da daɗi. Ka ƙaddara akwai wani mutum marar aikin yi da ke yawo a yanar gizo. Duk shafin da ya sauka, sau 85 cikin 100 sai ya latsa wata liƙau da ka, ba tare da zaɓe ba. Sauran sau 15 kuma sai ya gundura ya yi tsalle zuwa wani shafi can daban. In ya yi ta wannan yawo har illa masha Allahu, shafin da ya fi yawan tsintar kansa a ciki shi ne mafi daraja. Kwamfuta na samo wannan amsar ne ta hanyar ba kowane shafi maki daidai da farko, sannan ta yi ta maimaita rabon har lambobin su daina motsi. A maƙalar da suka wallafa a 1998 sun gwada abin a kan shafuka kimanin miliyan 24. A watan Satumbar shekarar aka yi wa kamfanin Google rajista. Haƙƙin mallakar dabarar kuwa na Jami'ar Stanford ne, wadda aka ba ta hannun jari a madadinsa, ta sayar a 2005 kan dala miliyan 336.

Duk wannan gini yana tsaye ne a kan zato ɗaya, cewa wanda ya sa liƙau ya sa ta ne don ya ga abin yana da amfani. A 1998 hakan gaskiya ne, saboda babu wanda ya san ana ƙirgawa. Da aka sani fa? Masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya riga ya lura tun 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin farauta yakan daina auna gaskiya. Ni a ganina Google da hannunsa ya hura wutar. A ƙarshen shekarar 2000 ya fitar da wata 'yar manhaja da ake liƙawa a burauza, tana nuna makin kowane shafi daga 0 zuwa 10. Ka ga ke nan an rataya wa kowane shafi farashinsa a wuya. Mai maki 7 ya gane cewa yana zaune a kan dukiya, ya fara karɓar kuɗin haya wata-wata a kan kowace liƙau. Wasu suka gina ɗaruruwan shafukan bogi masu nuna juna. Dillalai suka shigo tsakani.

Ɗaya daga cikinsu, kamfanin SearchKing na jihar Oklahoma, da Google ya rage masa maki a 2002 sai ya garzaya kotu. A 2003 kotun ta kori ƙarar, ta ce makin PageRank ra'ayin Google ne, kuma tsarin mulkin Amurka ya kare faɗin ra'ayi. Wannan hukunci bai yi suna ba, amma ka duba nauyinsa: shafinka na iya ɓacewa daga idon duniya gobe da safe, kuma babu wanda za ka kama.

Wasu kuma wasa suka mayar da abin. Google na ɗaukar kalmomin da aka ɗora liƙau a kansu a matsayin bayanin shafin da aka nuna. Don haka a 2003 masu adawa da Shugaba George W. Bush suka haɗa baki suka riƙa ɗora wasu kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar "mummunar gazawa" a kan adireshin tarihin rayuwarsa na Fadar White House. Ba a jima ba, duk wanda ya nemi kalmomin sai shugaban ƙasa ya fito na ɗaya, alhali babu su ko sau ɗaya a shafin. Sai a Janairun 2007 Google ya toshe wannan kafa.

Daga nan aka shiga wasan ɓera da kyanwa. A Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama mai suna nofollow, wadda mai shafi zai maƙala wa liƙau don ya ce, na nuna wurin nan amma ban tsaya masa shaida ba. Wikipedia ta ɗora ta a kan duk liƙau ɗin da ke fita daga cikinta, manyan dandalin sada zumunta ma haka. Babbar guguwar ta zo a watan Afrilun 2012 da sabon lissafin da aka kira Penguin, wanda ke farautar shafukan da liƙau ɗinsu ke warin saye. Google ya ce ya taɓa kusan kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Abin dariya, mutanen da jiya suke biya a sa musu liƙau yau suka koma roƙon a cire, wasu dillalan kuma suka ce cirewar ma sai an biya. A watan Oktoba Google ya buɗe hanyar da mai shafi zai miƙa jerin liƙau ya ce ba ruwansa da su. Ko shi Google ɗin bai tsira daga tarkonsa ba, domin a farkon wannan shekarar sai da ya rage wa shafin burauzarsa Chrome matsayi na kwana 60, bayan wani tallan da aka biya ya saɓa wa dokarsa. A 2016 ya daina nuna makin nan na 0 zuwa 10 baki ɗaya.

In ka tace wannan tarihin, za ka ga shafukan da guguwa bayan guguwa ba ta kayar ba galibi masu abin da wani ke buƙatar ya kafa hujja da shi ne: alƙaluman da suka tattara da kansu, rahoton da su suka fara kawowa, bayanin da ya warware wata matsala ƙarara. Ɗan jarida ko malami ko ɗalibi zai nuno irin wannan shafi don aikinsa ne ya buƙaci haka. Wato dai an koma gidan jiya, wurin Garfield.

Amma liƙau baƙo kawai take kawo maka. Ko zai dawo, wannan wani labari ne, kuma shi ma yana da nasa tarihin. Asalin yanar gizo ba ta da ƙwaƙwalwa. In ka buɗe shafi sau goma, kwamfutar da ke riƙe da shi tana ganin baƙi goma ne, kamar mai shagon da ke manta fuskarka da zarar ka juya baya. A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro kukis, wato 'yar ƙaramar shaida da shafi ke ajiyewa a burauzarka, in ka dawo ta nuna cewa kai ne. Amfanin farko da Netscape ya yi da ita shi ne gane ko mai ziyartar shafinsa ya taɓa zuwa. Daga wannan 'yar shaida aka sami kwandon sayayya na intanet, da shiga akawun ba tare da maimaita kalmar sirri ba, har da tallan nan da ke bin ka shafi-shafi kamar bashi. Sai dai ka sani ƙidayar ba cikakkiya ba ce. In ka sauya waya ko ka goge kukis, sabon baƙo za a ɗauke ka.

Gane mai dawowa daban, jawo shi ya dawo daban. A 1999 Netscape ɗin dai ya fito da RSS, tsarin da ke ba ka damar yin rajista da shafukan da kake so, sabon rubutunsu ya riƙa zuwa maka wuri ɗaya bisa jerin lokaci, babu mai tace maka. Google Reader, wanda aka buɗe a 2005, shi ya zama babbar tashar masu wannan karatu. Ranar 1 ga Yulin 2013 Google ya rufe shi. Kafin nan jama'a sun riga sun koma Facebook, wanda tun 2006 ya fito da zauren labarai inda lissafin kamfanin ne ke zaɓar abin da za ka gani.

Da farko abin ya yi wa masu shafuka daɗi. Upworthy, wani shafin Amurka da ya ƙware a kanun labarai masu ja maka rai, ya sami baƙi fiye da miliyan 80 a watan Nuwambar 2013 kaɗai, mafi yawansu daga Facebook. Da Facebook ya taɓa lissafinsa, cikin 'yan watanni adadin ya zube. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa za a fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai a kan na kafafen labarai. Wata guda bayan haka shafin LittleThings, mai mabiya miliyoyi, ya rufe ya sallami ma'aikatansa, yana cewa ya rasa kusan kashi 75 cikin 100 na baƙin da ke zuwa masa ba da talla ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Waɗancan miliyoyin masu karatun Facebook ne, da yawansu ko sunan shafin da suka shiga ba su riƙe ba.

Shi ya sa za ka ga manyan jaridu sun koma kan tsohuwar hanya, wato imel da biyan kuɗin rajista. New York Times ta kafa sabon tsarin karɓar kuɗin karatu a intanet a watan Maris na 2011, mutane da yawa na cewa ba za ta kai labari ba. Yau masu biyanta sun haura miliyan 10. Adireshin imel ɗin mai karatu yana hannunka, babu wani lissafi da zai shiga tsakaninku ya ce yau ba za a nuna masa kai ba. Kuma matsin bai ƙare ba. Tun watan Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, ta yadda mutum zai sami abin da yake nema ba tare da ya latsa kowace liƙau ba. Ga kuma ruɓewar liƙau ɗin kansu: cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara 10.

Yanzu ka kawo wannan duka gida. Rubutun Hausa da yawa a WhatsApp da Facebook yake yawo. Wani zai kwana yana bincike ya wallafa a shafinsa, kafin azahar an kwafe rubutun ɗungurungum an watsa a zaure hamsin, an yanke sunansa da adireshinsa, wani lokaci ma an rubuta "copied" a ƙasa kamar an yi masa alfarma. Injin Google ba ya shiga hirar WhatsApp, don haka ko mutum dubu ɗari sun karanta, a lissafin da Page da Brin suka kafa shafin nan bai sami ƙuri'a ko ɗaya ba. Masu karatun kuma ba su san ƙofar da za su koma su nemi na gaba ba. Su ma shafukan Hausa ba kasafai suke nuna juna ba, wani zai ɗauko labari daga wani ya ce "majiyarmu ta ce" ya wuce. Kowane shafi sai ya zama tsibiri, mai yawon nan na PageRank in ya faɗo ciki ba shi da hanyar da za ta kai shi shafin Hausa na gaba. Sa adireshin inda ka samo abu ba ya cin ko minti ɗaya, kuma in a shafinka na intanet ka sa shi, injin zai gani ya ƙirga.